LESIN TA WAYA: A KWANCE HUHUN KAFIN A BIYA KUDI

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Sabon Badun da Shasha da Ojoo, da na Agege da Mile 12, da na Shagamu da Anacha, da duk inda wannan rubutu ya iske ku.

Maganar da zan yi yau wasu ba za su ji dadinta ba, musamman masu tallan lesin lissafi da fiziks ta waya da suka cika mana WhatsApp da hotuna masu kyalli, sai kuma iyayenmu Alhazai da ke tura musu kudi ba tare da tambaya ko daya ba. Ni dai ban yi jami'a ba, a sakandare na tsaya, yanzu ina harkar goro tare da mahaifina. Amma na zauna WAEC, na zauna JAMB, ina kuma da kanne da ke tafe a baya, don haka ina ganin ina da bakin magana.

Na san abin da ke tsorata iyaye, kuma tsoron yana da dalili. A JAMB ta 2025 yara kusan miliyan biyu suka zauna, da sakamakon farko ya fito sama da miliyan daya da rabi ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa na'urorinta sun samu matsala a Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas, shugabanta Farfesa Ishaq Oloyede ya ba da hakuri a gaban 'yan jarida har da hawaye, aka sake wa yara kusan dubu 380 jarrabawa. Ku lura da wuraren, garuruwan da 'yan uwanmu ke zaune ne. WAEC ta shekarar ita ma da farko ta ce kashi 38 cikin dari ne suka samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, bayan 'yan kwanaki ta ce an yi kuskure, ta mayar da shi kusan kashi 63. Uban da ya ji irin wadannan labarai, kuma yana so dansa ya zama injiniya ko 'yarsa ta zama likita, dole hankalinsa ya tashi. To a daidai nan ne mai talla ke shigowa da murmushi, ya ce Alhaji kwantar da hankalinka, ka kawo kaza a wata, A1 tabbas, JAMB 300 tabbas.

Tun daga kalmar "tabbas" din nan ya kamata a ce Alhaji ya rike aljihunsa. Babu malamin kirki a duniya da zai yi maka alkawarin maki a kan yaron da bai taba ganin rubutunsa ba. Abin mamaki shi ne mutanen nan namu a kasuwa ba a cutarsu da sauki. Mahaifina ba ya biyan kudin huhun goro sai an kwance, an daga ganyen fita, ya zura hannu har tsakiya ya debo, ya fasa biyu ko uku ya duba ko akwai sankara. Haka dan tumatir a Shasha ba zai yarda da na saman kwando ba. Amma da an ce "ilmi" an kuma ce "intanet", sai ka ga dattijo mai shekara arba'in a ciniki ya zama kamar bako a tasha. Kunya ce ke kama shi don shi bai yi boko ba, yana ganin ba shi da hurumin tambaya. Masu tallan sun san wannan kunyar sarai, da ita suke cin abinci.

Bari mu kwance huhun. Yawancin abin da ake sayar mana da sunan lesin, bidiyo ne da aka dauka tun bara ko bara waccan. Wani malami ne a gaban allo yana warware tambaya shi kadai, yaro yana kwance a katifa yana kallo yana gyada kai. Wani lokaci kuma aji ne na kai tsaye, amma yara dari da wani abu aka tara a kira daya, an kashe musu lasifika duka don kada a yi hayaniya, wanda ke da tambaya sai ya rubuta a gefe, kafin malam ya gani rubutun wasu hamsin ya binne nasa. Wani makwabcinmu ya biya irin wannan na zango guda ga dansa dan SS2. Da na karbi littafin yaron na duba, shafi uku ne kacal aka rubuta a wata uku, su ma kwafe ne daga allon malamin. Yaron bai yi karya ba da ya ce yana halarta kullum, yana halarta kam, kamar yadda muke halartar gidan kallon kwallo. Duk shekarun da na yi ina kallon Firimiya ban iya buga firikik ba.

Shi lissafi a hannu yake shiga. Mu da muka yi makarantar allo bai kamata a yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Malam ya biya maka, ka koma ka yi ta nanatawa, ka dawo ka biya masa da bakinka yana ji, inda ka yi tuntube ya tsayar da kai ya gyara, ba kuma za ka wanke allo ba sai ya gamsu. Ko rubutun sai ya karbi allon ya duba wasali da digo. Wa ya taba jin an ce yaro ya sauke don ya zauna yana sauraron kaset? To haka lissafi yake, dole wani ya ga abin da hannun yaro ya rubuta, layi bayan layi. WAEC ma haka take dubawa. A takarda ta biyu ta lissafi tambaya 13 ake bayarwa a amsa 10, kuma masu maki suna ba da maki ne mataki-mataki, akwai makin hanyar da aka bi, akwai makin amsar karshe. Yaron da ya bi hanya daidai ya kuskure a karshe yana tsira da wani abu, wanda kuwa ya dire amsa tsirara ba tare da nuna aiki ba yana iya tashi a tutar babu. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa duk mai lesin ita ce: ta yaya za ka ga littafin yarona, kuma sau nawa a mako? In ya ce yaro zai dauki hoton aikinsa ya turo, shi kuma ya duba ya maido da gyara da jan biro ko da murya, to ana iya zama a yi ciniki. In ya fara ba ka labarin yawan bidiyon da ke cikin manhajarsu, ka yi masa sallama.

Sannan ciwon yawancin yaranmu ba a darasin SS3 yake ba, can kasa yake, tun firamare biyar da JS1. Ka ce wa yaro ya hada rabi da sulusi a takarda, sai ya hada na sama da na sama, na kasa da na kasa, ya rubuta maka 2/5. Amsar kuwa 5/6 ce. In ka tambaye shi da Hausa, ka ce kai yanzu rabin kwarya a kara maka sulusi sai ya koma kasa da rabi? Nan take zai yi dariya ya gane. Wannan yaron shi ne a shago zai lissafa maka canjin mutum uku a ka kafin ka lalubo kalkuleta. An sayi buhun albasa dubu 40 an sayar dubu 50, ya san riba dubu 10 ce ba sai an gaya masa ba, amma a ce kashi nawa ce cikin dari, sai ya raba da kudin sayarwa ya ce 20, alhali a kan uwar kudi ake aunawa, 25 ce. Irin wadannan ramuka bidiyo ba ya ganinsu, don bidiyo bai san wa ke kallonsa ba. Malamin kirki, ko ta waya ko a zaure, makon farko gwaji zai yi wa yaro ya gano inda ramin yake, kuma ba zai ji nauyin gaya wa uba cewa dansa na SS2 sai an koma da shi aikin JS1 na wata guda ba. Mai neman kudi kawai ba zai taba fadin haka ba, don ya san Alhaji ba zai so ji ba.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafarmu mu 'yan zango, wato harshe. Yaron Sabo yana tashi da Hausa a gida, Yarbanci a layi, burokin a kasuwa, Larabci a Islamiyya. Harshe hudu ke nan, wanda ba karamar baiwa ba ce, amma Turancin littafi shi ne na biyar kuma shi ne mafi rauni. Fiziks kuwa rabinta Turanci ne mai tarko. Yaro ya san "uniform" kayan makaranta ne, sai ya tarar a tambaya tana nufin abin da ba ya canzawa. Ya san "power" ita ce wutar NEPA, a nan kuwa aiki ne a raba da lokaci. A ce mota ta tashi "from rest", ana nufin gudunta na farko sifili ne, in bai kama wannan ba duk fomular da ya haddace ba ta da amfani, don zai yi ta neman lambar da ba a rubuta ba. Malamin da ke zuba Turanci kamar rediyo daga Lekki ko daga Indiya, komai iyawarsa, ba zai san a nan yaron ya fadi ba. Ba ina cewa sai Bahaushe ne zai koyar ba, malaman da suka fi taimakona a sakandare Yarbawa ne, amma suna ganin fuskata, in na yi zuru sai su sake fada da wasu kalmomi. A kira mai yara dari wa zai ga zurun danka?

Fiziks tana da wani bangare da waya ba za ta iya ba ko an yi rantsuwa. WAEC tana da takardar gwaje-gwaje, wadda yara ke kira firaktikal, tambaya uku a amsa biyu, galibi daya a kan nauyi da motsi, daya a kan haske, daya a kan lantarki. Ana ajiye wa yaro kaya a gabansa, rula mai mita daya, zare da dan karfe mai lilo, gilashi da allurai, batir da wayoyi da na'urar auna lantarki, a ce ya hada, ya auna, ya cika jadawali, ya zana giraf, ya fitar da gangarar layin. Yaron da bai taba jona wayoyin nan da hannunsa ba, ranar hannun rawa zai yi ko da ya kalli bidiyo dari. Abin da malamin waya mai gaskiya zai iya shi ne ya sa yaro ya yi na gida. A daura dan dutse a zare mai tsawon mita daya, a rataye a kusa, a kada shi kadan, a kirga zuwa da dawowa sau 20 da agogon waya, za a samu wajen dakika 40. A canza dutsen da wanda ya fi shi nauyi, lokacin ba zai canza ba. A rage zaren ya koma santimita 25, lokacin sai ya koma rabi. Yaron da ya ga wannan da idonsa a tsakar gidansu ya fahimci abin da fomula ke fada, kuma kudin gwajin bai kai na lemo daya ba. Sauran kayan kuwa dole sai dakin kimiyya na makaranta, don haka kafin Alhaji ya biya lesin waya gara ya taka zuwa makarantar dansa ya ce a nuna masa dakin, ya tambaya yaushe rabon da 'yan SS2 su shiga.

Kudin da ke jikin hoton talla kuma ba shi ne kudin ba. Kiran bidiyo yakan ci daruruwan mega a awa daya, ga shi tun watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya karin kashi 50 cikin dari. Ga wuta, wadda kowa ya san halinta, ga man janareta tun da aka cire tallafi a 2023. A gidajenmu na haya inda daki daya ke daukar mutum shida, ina yaron zai zauna ya ji malam? Wayar ma sau da yawa ta uba ce ko ta yaya, ana tsakiyar darasi sai direba ya kira daga Jega ko Ilela a kan maganar kaya, shi ke nan an tashi aji. Ga lokaci: boko da safe, Islamiyya da yamma, shago ranar Asabar. Duk wanda bai zauna ya tsara wadannan ba kafin ya tura kudi, sadaka ya yi wa mai manhaja. Kada kuma a yarda da rangwamen "biya na shekara gaba daya". Byju's na Indiya a da yana cikin kamfanonin lesin intanet da suka fi suna a duniya, a 2022 an kiyasta darajarsa dala biliyan 22, zuwa 2024 yana gaban kotu a kan bashin da ya kasa biya. In irin wannan giwa ta fadi, me zai hana wani mai lambar waya daya da hoton talla ya bace da kudinka? Wata-wata ake biya, kamar kudin haya na shago.

Mafi muni su ne wadanda lesin nasu fuska ce kawai, ainihin hajarsu satar amsa ce. Ana saura mako biyu jarrabawa sai a bude wani zaure na musamman, a ce a kawo kudi za a turo amsa da daddare. Wasu iyayen sun sani sarai, suna kau da kai. Ko amsar ta zo daidai, wanda sau da yawa ba ta zuwa, yaron da ya shiga jami'a da A1 din aro zai hadu da lissafin aji daya, a can kuma ba mai turo masa komai. In kuwa aka kama, a rike sakamakon, shekara ta tafi. Yanzu ma an samu sabon salo, yaro ya dauki hoton aikin gida ya ba ChatGPT ko makamancinsa, ya kwafe amsa tsaf, uba ya ga littafi cike ya yi ta sa albarka.

Kada wani ya ce Malam ya tsani zamani. Akwai alheri a abin nan, kuma na ga wadanda ya amfana. Na farko su ne 'yan matanmu. Gidaje da yawa a nan ba za su bar budurwa ta fita lesin bayan Magariba ba, musamman a garin da ba namu ba, kuma tun rikicin Shasha na 2021 iyaye suka kara taka-tsantsan. Ga irin wannan yarinya, malama ko malami ta waya, a falo, uwa tana zaune a gefe, shi ne bambancin ci gaba da karatu da ajiye shi. JAMB kuma tun 2015 gaba daya a kwamfuta ake yi, tambaya 180 a awa biyu, wato dakika 40 ga kowace tambaya, don haka manhajar da ke sa yaro ya saba amsa tsofaffin tambayoyi da agogo a kansa tana da amfani kwarai. Akwai ma na kyauta da suka fi na kudin da ake tallata mana. Khan Academy tun 2008 take, ba a biyan ko sisi, tana ba yaro tambayoyi ya amsa tana nuna masa inda ya kuskure. Akwai PhET na Jami'ar Colorado a Amurka, wanda Carl Wieman mai lambar Nobel a fiziks ya kafa a 2002, inda yaro zai hada batir da kwan fitila a fuskar waya ya ga abin da zai faru kafin ya taba na gaske.

Amma ku duba inda aka gwada abin da gaske a ga me ya yi aiki. A Botswana lokacin kullen korona a 2020, wata kungiya mai suna Young 1ove ta raba iyalan 'yan firamare, wasu ana tura musu tambayoyin lissafi ta sakon tes kawai, wasu kuma bayan sakon sai malami ya kira su kamar minti ashirin a mako ya bi aikin tare da yaron. Sakon shi kadai bai tabuka abin a zo a gani ba, wadanda ake kira su ne suka ci gaba. Karamar waya ce fa, ba bidiyo ba komai, muryar mutum ce da ke jin amsar yaro. A nan gida ma, a Binin ta jihar Edo a 2024, Bankin Duniya ya gwada koyar da 'yan sakandare Turanci da manhaja mai hira irin ta ChatGPT na mako shida, aka kuma ce an ga ci gaba. Masu talla suna son wannan labari, sai dai ba sa fadin cewa a dakin kwamfuta na makaranta aka yi, bayan an tashi, malamai suna tsaye a kan yaran.

Yanzu na dawo kan iyayenmu, da girmamawa. Baba, rashin boko bai hana ka duba lesin danka ba. Ba sai ka san aljabara ba kafin ka kirga shafi. Duk Juma'a ka ce ya kawo littafin, ka ga shafi nawa ya cika da rubutun hannunsa, ka ga ko akwai alamar gyara. Ka nuna tambaya daya da yatsa ka ce ya yi maka bayaninta da Hausa. Wanda ya gane zai iya, ko da kame-kame, wanda ya kwafa zai ce ai wannan ba ta fassaruwa. Ka karbi lambar malamin ka kira shi da kanka ka ce mene ne raunin yarona, in ya kasa ambaton abu daya takamaimai, to bai san danka ba. Kuma a fara tun SS1. Wanda ya jira sai Janairun SS3, ana saura wata hudu WAEC, ya zo yana neman mai gyara, ya makara, sai dai a yi masa kwaskwarima.

Kungiyoyinmu kuma, na 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari da 'yan canji, ina kuke? In bikin nadin sarauta ne ko tarbar dan siyasa, a dare daya ake hada kudin rumfa da kujeru da makada. Daki daya fa ake bukata a Sabo, da sola, da na'urar intanet daya, da allo, da tebur, da 'yan kayan firaktikal da ba su kai kudin sa daya ba. Jami'ar Ibadan tun 1948 take nan kusa da mu, daga Mokola mota daya ce, akwai yaran Arewa da ke karatun injiniya da kimiyya a cikinta, akwai 'yan bautar kasa da ake turowa Oyo duk shekara suna neman abin rage zafi. A dauki biyu a rika ba su alawus, su zauna da yara goma-goma, bidiyon kyauta ya yi bayani, su kuma su bi littattafai da jan biro, su fassara inda Turanci ya tsaya. Kwana uku na maza, kwana uku na mata da rana. Kudin da gidaje ashirin ke watsawa daban-daban ga mutanen da ba su taba gani ba ya isa ya rike wannan daki har da canji. Zan kai maganar gaban shugabannin 'yan goro a zaman wata mai zuwa, duk wanda ke da dakin da ba ya amfani da shi kusa da babban masallaci, ko ya san dalibin da zai iya, ya same ni a shago bayan La'asar.